Goben jiya: me ya sa rediyon kakana ya fi wayar hannu kama da abin da zai zo nan gaba?

Sadiq_Samaru:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi gaban manya. Muna kwashe shirgi daga ɗakin marigayi kakanmu a Ƙofar Doka saboda ruwa ya fara cin bango, sai muka jawo wani abu mai nauyi daga ƙarƙashin gado, an naɗe shi da tsohon bargo. Ashe rediyonsa ne. Grundig, jikin katako, sai da mu biyu muka ɗaga shi. A gabansa akwai dogon gilashi da aka jera sunayen birane: Landan, Faris, Alƙahira, Mosko, da wasu da ban taɓa ji ba. Ƙasa da gilashin maɓallai ne farare manya-manya kamar haƙoran doki, a gefe kuma wani ɗan ido kamar na mage.

Na ɗora wayar ƙanwata a kansa na ɗauki hoto. To ga abin da ya dame ni. Wayar nan ta fi shi iya komai nesa ba kusa ba, amma a hoton ba ta fi guntun tayil ba. Shi kuwa rediyon sai ka rantse daga cikin kumbon da zai je duniyar wata aka ciro shi.

Ni ɗalibin zane ne, kuma akwai wani salo da ake yayi a intanet: a zana nan gaba, amma yadda mutanen 1960 zuwa 1980 suka hango ta. Kwamfuta mai kaset, allo mai koren rubutu, mota mai fiffike, agogon allura ko'ina. Sunan da Turawa suka ba shi, retiro-fiyuca, ko a bakina ba ya zama. Tambayata: me ya sa tsohon abu ya fi sabo kama da gobe? Kuma mu nan muna da namu irin wannan mafarkin, ko na Turawa kawai za mu yi ta kwafa?

BabaMaiRediyo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a shiga dogon Turanci: KADA KA JONA SHI DA WUTA. Na roƙe ka. Abin da ya yi shekaru a kwance kondensocinsa, wato 'yan kayan da ke tara wuta a ciki, sun bushe, kana sa masa wuta kai tsaye za ka ji fus, hayaƙi ya tashi, taransifoma ta ƙone, kuma irinta ko ka zaga Sabon Gari kaf ba za ka samu ba. Mu in an kawo mana irinsa, ƙwan fitila mai zare muke haɗawa a kan hanyar wutar. In akwai matsala a ciki ƙwan ne zai haska da ƙarfi ya shanye wutar, rediyon ya tsira. A kuma duba bayansa, akwai wajen zaɓen ƙarfin wuta, kada a je yana kan 110.

Idon magen da ka gani shi ma bawul ne, irin ƙwayayen gilashin da tsohon rediyo ke aiki da su. Kore yake kawowa. Kana murɗa neman tasha yana buɗewa yana tsukewa, in ka zauna daram a kanta sai koren ya haɗe. Kuma ba ya magana nan take, sai bawul-bawul ɗin sun yi ɗumi, kamar rabin minti. A wannan rabin mintin ne maigida ke gyara zama, yara su yi tsit.

Malama_Gyallesu:
Sadiq, batun suna bai kai ka wahalar da harshenka ba. Ka ce "goben jiya". Goben da mutanen jiya suka sa rai da ita, ta zo ko ba ta zo ba. Amsar tambayarka ta biyu kuwa tana cikin garin nan. A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, kamfanin NNPC na Zariya (mai buga littattafai, ba na man fetur ba, kafin wani ya yi caraf) ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka ya zaga da shi. Da Hausa tsantsa. Ba yau Bahaushe ya fara ɗaga kai sama ba.

DanKano_a_Kongo:
"Goben jiya" ya zauna, Malama. Amma Zage-zagi ku rage cika baki, ku a littafi kuka je sama. Mu a Kano hukumar NASA ta kafa tashar bin sawun kumbo tun farkon shekarun 1960. Lokacin da John Glenn ya zaga duniya sau uku a Fabrairun 1962, Kano na cikin tashoshin da ke sauraronsa. Ku a lokacin kuna ina?

Bazazzagi_Asali:
Muna buɗe jami'an da kake karatu a ciki yanzu, ABU, a wannan shekaran dai, 1962. Bayan shekara biyu muka buɗe makarantan koyon tuƙin jirgin sama. Ku kuna sauraro, mu muna tashi. Gama digirin ka ka koma Kwari.

DanKano_a_Kongo:
"Jami'an", "shekaran", "makarantan". Ku fara bambance mace da namiji tukuna, sai a yi maganar kumbo 😂

Alhaji_TsohonMalami:
Yara ku bar wasan haka. Sadiq jikana, ni na rayu a cikin abin da kake son zanawa, bari in gaya maka yadda yake daga ciki.

Ina firamare a 1963 malaminmu ya shigo aji yana ta murna, ya ce Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta waya, kuma muryar sama ta hau, ta bi ta wani tauraron ɗan'adam mai suna Syncom ta sauko. Ba mu gane ba, amma mun koma gida da yaƙinin kafin mu yi gemu mu ma za mu hau. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 muka ce duhu ya ƙare. Da aka fara haɗa Peugeot 504 a Kaduna a 1975 muka ce saura jirgi. Daga nan sai aka shigo mana da shekara ta 2000. Lafiya ga kowa a 2000, gida ga kowa a 2000. Duk abin da aka rasa sai a ce a jira 2000. Da na zama malami na sha sa yara su zana Zariya ta shekarar 2000, su zano jirgin ƙasa yana bi ta saman dutsen Kufena, kowane gida da eriya da famfo. Kafin ma ta zo an ɗaga alkawari zuwa 2010, daga nan 2020. Daren da dubu biyun ta shigo da fitilar ƙwai muka tarbe ta a gidana.

In ka tambaye ni, ba katako da gilashin ne suka kama ka ba. Wanda ya ƙera rediyon nan ya yarda gobe za ta fi yau, kuma yardar ta fito a jikin aikinsa. Ya jera maka sunayen birane ne don yana ganin duniya ce za ta shigo ɗakin kakanka. Wannan yardar kake gani, don ku ba ku taso kun same ta ba.

Hajiya_Kwarbai:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ku maza rabin labari kuke tunawa. Rediyon da ake ta yabo, wa ke taɓa shi? Na gidanmu a turakar Baba yake, an lulluɓe shi da ƙyalle mai aiki, mu mata daga tsakar gida muke tsintar abin da ya tsallako taga. Goben da muke gani a mujallu kuwa, matar Bature ce tsaye a kicin tana danna maɓalli abinci na fitowa, mu muna hura icen da ya jiƙe.

Da na samu rikoda tawa ta kaina bayan aure, rabin rayuwata a warware zaren kaset ta tafi. Ta cinye, ki zaro a hankali, ki sa biro ki naɗe, in ya tsinke ki liƙe da jan farce. Batir ya yi sanyi ki shanya a rana ko ki ɗan tauna gefensa. Waya fa? Da mahaifiyata ta kwanta ciwo a Jos, yini guda na yi a layi a wani ofis, da aka haɗa ni ban ji komai ba sai shuuu, kuma na biya kuɗina. Yau jikata da ke karatu a Masar ina ganin fuskarta ina tuƙa tuwo. Ku riƙe idon magenku.

Ummi_Zane:
Hajiya ta kashe bakin tsanya 😂 Kuma gaskiya ta faɗa, mu masu son abin nan ba mu sha wahalarsa ba. A Amurka a 2022 faifan garmaho ya fi faifan CD yawan ciniki, karo na farko tun 1987, alhali waƙar duniya duk tana cikin waya. Marmari ne, ba buƙata ba. Amma Hajiya ni abin da ke ja na shi ne taɓawa. Na danna maɓallin rikodar babana na ji ƙas a yatsana, na san na yi wani abu. Waya kuwa tun safe shafa gilashi nake kamar mai goge taga.

Injiniya_Palladan:
Ummi ta taɓo wani abu. Ba duka ba ne marmari, akwai dalili na aiki. Agogon allura ba sai ka karanta shi ba, kallo ɗaya za ka ga inda allurar ta karkata da saurin da take tafiya. Lamba kuwa sai ƙwaƙwalwa ta karanta sannan ta auna. Shi ya sa har a jirage da motocin zamani masu allon kwamfuta za ka ga an zana hoton allura a kan allon. Tsohuwar na'ura tana nuna maka aikinta, kaset na juyawa kana gani, bawul na yin ja kana gani. Ta yanzu ta ɓoye komai a ciki, shi ya sa Sadiq ya ga ba ta da fuska.

Sannan ba kullum ake yin gaba ba. Jirgin Concorde ya fara ɗaukar fasinja a 1976, daga baya yana yin Landan zuwa Niyu Yok a awa uku da rabi. Aka ajiye shi a 2003, yau tafiyar ta koma awa bakwai zuwa takwas. Sawun ƙarshe da mutum ya sa a kan wata a 1972 ne. Wanda ya ga waɗannan yana yaro, in ya ce an yi masa alkawari an saɓa, bai yi ƙarya ba.

Kufena_Boy:
Ni dai mota mai tashi nake jira har yanzu. Cunkoson PZ da yamma ya ishe ni.

Bazazzagi_Asali:
A ba ɗan acaɓa fiffike? Ku rufa mana asiri, a kan kwanon gida za mu riƙa tsintan su.

Akitek_Hanwa:
Sadiq, in kayan aiki kake nema, ajiye intanet ka shiga cikin birni da ƙafa. Maginan Zariya na tsakiyar ƙarnin da ya wuce, da suke yi wa fuskar zaure ado, ba su tsaya a dagi da takobi ba. Sun sa keke, sun sa mota, sun sa agogo, har jirgin sama, an fito da su ɓaro-ɓaro a jikin bango. Ka auna abin a ranka: gidan tubali, rufin azara, zanko a sama, ga jirgi a goshin ƙofa. Wannan shi ne goben jiya na Bazazzagi, kuma ba daga mujallar kowa aka kwafo shi ba. Kaɗan suka rage, damina na cin wasu, wasu an rushe an yi shaguna. In za ka ɗauki hoto ka yi sallama ka nemi izinin masu gida, ba gidan tarihi ba ne.

Daga nan ka dawo Samaru ka tsaya gaban ginin Sanet na ABU ka ɗaga kai. Yaren da magina ke yi ke nan a duniya lokacin, kankare da ƙarfe da girman kai. Da shi aka yi Atomium na Brussels a 1958, mita 102, siffar ƙwayoyin zarra. Da shi aka yi babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Legas da aka yi bikin FESTAC a cikinsa a 1977. Tsakiyar Abuja ma wani Bajapane ne, Kenzo Tange, ya tsara ta. A Tokyo akwai wani bene na 1972, Nakagin, ɗakuna 140 kamar akwatuna kowanne da taga zagayayya, an tsara za a riƙa cire tsohon ɗaki a liƙa sabo. Ko ɗaya ba a taɓa canzawa ba har aka rushe shi a 2022. Ka ga Alhaji, ba mu kaɗai gobe ta yi wa ƙafar ungulu ba.

Sadiq_Samaru:
Yaya Akitek Allah ya saka, wallahi ina wuce irin gidajen nan ban taɓa tsayawa ba. Jiya na gwada wata manhajar ƙirƙirar hoto, na ce ta zana mini Zariya ta 2000 yadda mutumin 1970 zai hango ta. Ta ba ni ƙubbobi irin na Larabawa da raƙuma da yashi, da wata mota a sama. Ko zanko ɗaya babu.

Malama_Gyallesu:
Ai ba ta taɓa ganinmu ba, abin da aka ɗura mata take amayarwa. Kuma damuwar nan ta girme ka. A makarantar taku, tun kafin ta zama jami'a, a 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a kan wannan magana: a koyi dabarar Bature, amma a zuba namu a ciki. Ka ɗauki littafin zanenka ka bi shawarar Akitek.

MaiGwanjo_Sabo:
Afuwan na katse ku. Sadiq nawa za ka bar rediyon? Ina da mai so a Abuja, irin masu ajiyewa a falo. Ko ba ya aiki.

Kufena_Boy:
Kada ka sayar da arha! Na ji an ce tsofaffin rediyo da keken ɗinki akwai wani sinadari wai shi jan makuri a ciki, ana sayensa miliyoyi.

BabaMaiRediyo:
Yaro, kada ka sake kawo wannan magana nan. Babu wani jan makuri, ƙaryar 'yan damfara ce. Shekara arba'in da wani abu ina buɗe cikin rediyo, abin da na sani a ciki waya ce da dalma da ƙura da kashin ɓera. Saboda ƙaryar nan na ga an farfasa kayan da ba za a sake yin irinsu ba, abin da ya rage 'yan jari-bola su auna a sikeli. Na taɓa bin wani mai kura har Muciya na fanshi wani Philips da kuɗin abincina.

Kuma Injiniya ka manta abu ɗaya. Kayan da, mai su ne ke da su. Kusoshi huɗu ka kwance baya ya buɗe, da yawansu ma da taswirar wayoyin a ciki, an san wani zai zo ya gyara. Na yanzu da gam ake liƙe su, in ya mutu ka sayi wani.

Ustaz_TudunWada:
Allah ya saka wa kowa. Tunatarwa ce kawai: waiwaye don ɗaukar darasi ba laifi, amma a yi hattara da yawan "da ma an yi kaza", hadisi ya nuna tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. An kuma hana zagin zamani. Gobe ta Allah ce, ta jiya da ta yau.

Alhaji_TsohonMalami:
Allah gafarta Malam, haka ne, kuma ba zamani nake zagi ba. Bayan na rubuta na farko sai na gwada wani abu. Na kira jikokina biyu na ce su zana mini Zariya bayan shekara talatin. Babban ya ce shi ba ya nan lokacin, Kanada zai tafi. Ƙaramar ta zauna ta zana gida ɗaya, da sola a kan rufi, da doguwar katanga da waya a kanta. Zanen yaran da na koyar wauta ce, na yarda, amma gari guda suke zanawa.

Hajiya_Kwarbai:
Sola ɗin dai tana kawo wuta, Alhaji. Jirgin saman Kufena fa, ina ake yankar tikiti?

Alhaji_TsohonMalami:
Hajiya na sallama, ba a ja da ku 😄

Injiniya_Palladan:
Wani ɓangaren mafarkin ya zo, shiru kawai ya zo. Tun 2004 akwai ƙaramar na'urar nukiliya tana aiki a cibiyar binciken makamashi ta ABU. Da kilowat 30 ta fara, ba ta ba da lantarki, ta bincike ce, ana gwada ma'adinai da ƙasa da makamantansu. Da an gaya wa ɗaliban Alhaji a 1975 za a yi wannan a Zariya da sun zana ta da hasumiya har sama. Yau mutane na wucewa a Keke Napep ba su ma san tana nan ba.

DanKano_a_Kongo:
Nukiliya a gari, amma a hostel da tocilan waya muke karatu. Zage-zagi kun iya ajiyar kaya.

Sadiq_Samaru:
Jama'a ga rahoto. Ba na sayarwa ba ne, MaiGwanjo, ka yi haƙuri, Goggo ta ce in ya bar gidan in bi shi. Mun kai wa Baba a Keke Napep. Kwana uku ya yi a kansa. Ya fitar da sheƙar ɓera, ya canza kondensoci, zaren da ke jan allura ya tsinke ya sa na ɗinkin takalmi, bawul ɗaya ya mutu, EL84, ya ɗauko wani daga cikin gwangwanin madara. Da magariba ya jona ta ƙwan fitilarsa. Shiru. Sai gilashin ya kawo haske ruwan zuma, sai wani gunji ƙasa-ƙasa, sai idon ya buɗe kore shar. Na ji tsigar jikina ta tashi.

Na kai allura kan Landan, shuuu. Mosko, shuuu. Alƙahira, shuuu. Baba ya yi dariya ya ce sunayen nan na tashoshin wancan zamani ne, yawancinsu sun tashi daga wurin ko sun rufe. Ya koma gajeren zango ya yi ta lallaɓawa har ya kamo wani yana Faransanci, murya na zuwa tana tafiya kamar daga cikin rijiya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma mun fi minti ashirin a tsaye, har mai shayin gefe ya baro teburinsa. Har yanzu ban san ko Alhaji ne ke da gaskiya ko Hajiya ba. Asabar zan shiga birni neman jirgin bango.

Hajiya_Kwarbai:
To Baba mai rediyo, tunda abin naka ya kai haka. Akwai wani kaset a ƙasan adakata, maigidana marigayi ya aiko shi daga Makka wata shekara da ya daɗe a can, yana gaishe da kowa da suna, har da akuyata. Na fi shekara ashirin ban saka ba, tsoro nake kada a cinye. Zai yi magana kuwa?

BabaMaiRediyo:
Allah ya jiƙansa. Hajiya kada ki saka shi a kowace rikoda, kada kuma ki sa masa biro. A kawo mini shi yadda yake, in duba ko ya yi fumfuna ko zaren ya manne, in goge kan rikoda da sifirit in sa sabon bel. Ki turo yaro da waya mai caji a naɗi muryar tun a juyin farko, don wani kaset sau ɗaya yake yarda. Bayan la'asar ina shago, ban da Juma'a.